Ajiyar da Ta Yi Saiwa

'Ya'yana, na san labarin da kuke ba abokanku idan sun zo gidan nan suka ga itacen da ke bayan ɗakin girki. Cewa kuke yi Ummanku ce ta haɗa baki da wani mutumin Nijar suka ɗaure ni a Amurka a jikin bishiya kamar akuya. Na ji Zainab tana ba da shi da Turanci ranar Babbar Sallah, tana zaton barci nake a kujera, kowa yana ta dariya, har da mijinta da ya kamata ya ji kunyata. To, ba barci nake ba. Tun da Allah ya ba ni tsawon rai da sauran gani, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance. Ni na yanke shawarar zama a ƙasar nan, ba wanda ya yanke min, kuma akwai abin da na rasa a dalilinta wanda ba ya cikin labarin da kuke bayarwa.

Lokacin da aka ɗauke ni aikin karanta labarai a sashen Hausa na gidan rediyo a Washington, ban zo da niyyar daɗewa ba. Niyyata in yi 'yan shekaru, in gina gida a Kano, in koma kusa da Yaya Inuwa, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya sa ni makaranta, ya yi min aure. Ko da muka sayi gidan nan na Lanham, ban yarda an kafa ƙusa ko ɗaya a bango don rataye hoto ba, domin a ganina baƙo ba ya ɓata bangon mutane. A ɗakin ƙasa kuwa na jera manyan ganguna shuɗaye na roba, irin waɗanda ake aika kaya gida a cikinsu ta jirgin ruwa. Duk abu mai kyau da muka saya, can yake tafiya: labule, tukwane, kofuna, da zannuwan gado farare ƙal waɗanda ba a ko fitar da su daga leda ba. Mu kuma a sama muna kwana a kan tsofaffi, muna shan shayi a kofin da hannunsa ya karye. Yaya ne ya tsaya a kan ginin gidan Kano har aka gama, mukullai suna hannunsa. Duk Juma'a nakan kira shi, kuma kafin mu yi sallama tambayarsa ɗaya ce.

"Yaushe?"

"Baɗi in Allah ya yarda, Yaya."

Da wannan baɗin aka yaye ku, da shi kuka shiga jami'a.

Mutumin Nijar ɗin da kuke faɗa shi ne Malam Mutari, wanda kuke kira Tonton, abokin aikina da ke zaune a garin Clinton. Badamagare ne, ni kuma Bakano, kun kuwa san tsakaninmu da mutanen Damagaram akwai wasa tun na kakanni. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce bawansa, wai kakanninsa sun sha zuwa har bakin ganuwar Kano suna kora mu ciki. Ni kuma nakan ce masa yunwa ce ta kawo su, ƙanshin tuwo suka biyo. Mutari ya yi karatu a gabashin Faransa yana saurayi, kuma da hutu yakan yi aiki a gonakin 'ya'yan itace. Daga can ya kwaso ciwon da ya addabe mu da shi a ofis shekara da shekaru, wato zancen wata 'yar itace mai suna mirabel. Ba dama ka ɓare ayaba ko ka yanka mangwaro a gabansa, sai ya girgiza kai kamar ya ga maraya.

"Bon," in ji shi da ɗan Faransancinsa, "bawana, kai ba ka san 'ya'yan itace ba. Mirabel 'yar ƙarama ce kamar ƙwan tantabara, ruwan ɗorawa, da ɗigo-ɗigon ja a gefen da rana take duka. In ka matsa ta, ƙwallon da kansa yake fita, ba ya maƙale wa tsoka. Zaƙinta kuwa, sai ka ce zuma aka ɗura mata."

"Ai kanya kake faɗa," in ji ni. "Kanya ce ta yi karatun boko."

"Kanya! Ku ji Bakano. Allah ya yafe maka."

Da yake ba a sayar da ita a kantunan nan, ba ta kuma jure tafiya mai nisa, ba shi da yadda zai kawo shaida. Ni ko na samu abin tsokana. Har a gaban baƙi nakan ce babu wata aba wai ita mirabel, mafarki ya yi a ƙasar sanyi.

Wata ranar Asabar da sanyi ya fara ja da baya, sai ga Mutari a ƙofar gida da wani dogon kwali. Ya buɗe, sai na ga sanda, sanda zalla, da 'yan jijiyoyi a gindi. Wai daga wani lambun da ke can yamma ya sa aka aiko masa, kuma da yake shi a bene yake haya, ba shi da fili, a gidana za a dasa. Na ce sam. Mutumin da zai tashi baɗi me zai yi da itacen da sai ya yi shekara da shekaru kafin ya yi 'ya'ya? Na dai karɓa don kada a ce na mayar da kyauta, na tsoma sandar a bokitin fenti da 'yar ƙasa, na tura ta lungun gareji. Bayan 'yan kwanaki na dawo daga aikin asuba na tarar da bokitin a wanke, an kife shi. Na zagaya bayan gida, sai ga sandar Mutari a tsaye a tsakiyar fili, an yi mata gurbi, an ba ta ruwa, har da ɗan shinge.

"Hajiya, wa ya dasa wannan?" na tambayi Ummanku.

"Dasawa kuma, Malam? Ba dasawa na yi ba. Bokitin nake so, shi ne na ɗan ajiye sandar a ƙasa kafin mu tashi."

Ta faɗi haka tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na tsaya ina neman inda zan kama ta a maganar, ban samu ba.

Ajiyar nan ta yi ganye, ta yi rassa, ta wuce tsawona, ta wuce shingen maƙwabta. Duk shekara idan sanyi ya wuce sai ta yi fure fari fat, Mutari ya zo da hularsa ta Faransawa ya tsaya a ƙarƙashi yana "wala, wala", wato "ga shi nan" da Faransanci, ya ce bana zan tuba. Sai kuma wani sanyin ya dawo a makare ya ƙone furen, ko kuregu su kwashe 'yan ƙwayoyin da suka tsira tun suna kamar gujjiya. Haka muka yi ta yi. Ni kuwa daɗi nake ji, domin duk shekarar da itacen ya kunyata shi, na samu abin yi masa tsiya har wata shekarar.

Sai shekarar da na ajiye aiki ta zo, kuma a karon farko baɗin nan ya zama bana. Na sayi tikiti, na gaya wa Yaya rana, ya sa aka yi wa gidan Kano sabon fenti. Na kira wata dillaliyar gidaje ta zo ta kafa allon sayarwa a bakin titi. A wannan shekarar ce Zainab, wadda ta yi aure tana aikin jinya a Springfield, take ɗauke da cikin fari, haihuwa kuma sai bayan tafiyarmu da kamar wata guda. Ina so ku sani, Ummanku ba ta taɓa buɗe baki ta ce ba za ta bi ni ba. Kaya take haɗawa ba ji ba gani. Sau ɗaya kawai, tana naɗe labule, ta yi magana kamar da labulen take.

"Ko wa zai yi wa yarinyar nan wankan jego, oho."

"Ita da take ma'aikaciyar jinya? Ai asibiti ne gidansu."

"Haka ne, Malam. Asibiti ai sun iya kunun kanwa."

A shekarar ce kuma, kamar da gayya, sanyi bai dawo ba. Itacen Mutari ya ɗauki 'ya'ya har rassansa suna sunkuyawa. Matsalar ita ce mirabel sai cikin watan Agusta take nuna, jirginmu kuwa tun kafin nan zai tashi. Mutari ya bi ofis tebur-tebur yana shelar cewa Bakano ya ga shari'a ta zo shi ya sa zai gudu, kamar yadda kakanninsa suka saba. Abin ya ci min rai. Da safen ranar da zan yi shirina na ƙarshe a rediyo, na fita bayan gida na tsinko cikin hula, kore shar, da tauri kamar goro. Na ce ai mu da muka tashi da ɗanyen mangwaro da gishiri da yaji, wannan 'yar mitsitsiyar ba za ta gagare ni ba. Na zauna na dangwala na ci, tsami yana kama min muƙamuƙi, ina ci ina murna, domin na samu hukuncin da zan kai masa. Hajiya ta leƙo ta taga ta dube ni, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta mayar da labule.

Na daɗe ina shirya jawabin bankwana da masu sauraro. Na tsara zan gode wa mutanen Kano da Katsina da Damagaram da Kumasi, in ambaci manoma da direbobi da masu shayi da suka yi shekaru suna jin muryata. Ina cikin karanta labari na biyu sai na ji wani abu ya juya a cikina, kamar an tayar da injin niƙa. Kafin in kai rahoton kasuwanni gumi ya jiƙa min riga. Mutari yana bayan gilashi yana kallona, ya ga yadda nake riƙe da bakin tebur, ya gane, ya kifa kai a kan na'ura kafaɗunsa suna rawa. Da lokacin jawabi ya yi, abin da na iya cewa ke nan, murya tana karkarwa: "Jama'a, na gode, Allah ya sada mu da alheri." Na ture kujera na fita da gudun da ban yi irinsa ba tun ina makarantar firamare. Washegari Yaya ya kira, muryarsa a raunane.

"Mun ji ka jiya. Duk majalisa sai da aka yi shiru. Ashe haka kake ɗokin gida, har kuka ya hana ka magana?"

"Wallahi Yaya, abin ne ya zo min ba shiri."

Ban yi masa ƙarya ba, amma na ji kunya har cikin ƙashina.

Da na kai wa Mutari hukuncina cewa mirabel ɗinsa guba ce, sai ya ce a gaban kowa shari'ar ba ta yi ba, wanda ya ci ɗanya bai ci mirabel ba, kuma in ni ɗan halak ne in tsaya ta nuna. Na ce na tsaya ɗin. Na ɗaga tafiya da 'yan makonni, na gaya wa Yaya cinikin gida ne bai faɗa ba, wanda shi ma gaskiya ne. Ga shi ba aiki, ga kuregu sun fara zarya. Na ce ba zan yarda su cinye shaida Badamagare ya samu hanyar zillewa ba. Na ɗaure danƙo zan fara harbi, Hajiya ta ƙwace, ta ce ba za ta je ofishin 'yan sanda belin tsoho a kan kurege ba. Sai na fitar da kujera na zauna a gindin itacen da doguwar tsintsiya, tun hantsi har la'asar. A wannan gadin ne na fara ganin bayan gidana. Shekara da shekaru ina fita da duhu in dawo in kwanta, ban taɓa lura ba cewa a jikin shinge akwai layin yakuwa, da kuɓewa, da alayyafo, da tattasai, har da wata 'yar rumfa da kabewa ta hau. Na tambayi Hajiya su kuma fa, ta ce su ma ajiya ce. Nan na gane cewa ita tuntuni take zaune a gidan nan, ni ne kawai nake zaune a cikin ganguna. Abin ya taɓa min zuciya, amma ban nuna mata ba.

Da na ga na can ƙololuwa sun fara yin ruwan ɗorawa, sai hannuna ya tuna da ƙuruciya. Na cire takalmi na auna reshe na wurga, kamar yadda muke yi wa mangwaron gidan mutane. Takalmin ya wuce reshen, ya wuce shinge, ya sauka a gidan maƙwabciyarmu, karenta ya ɗauka ya shige da shi. Har yau ban nemi takalmin nan ba. Da Mutari ya ji, sai ya ce kada in ƙara taɓa komai, yana nan zuwa ranar Asabar.

Ya zo da sassafe, ya zagaya itacen yana shinshina kamar mai sayen turare. Zainab da mijinta ma sun zo, ita tana tafe da ƙyar. Ƙanshi ya cika fili, zuma da zanzaro suna ta shawagi a kan waɗanda suka faɗo da kansu.

"Ba a jifan mirabel, ba a kuma tsinkar ta ɗaya-ɗaya," in ji Mutari. "Girgiza itacen ake yi. Wadda ta nuna za ta saki reshe da kanta, wadda ba ta nuna ba ta zauna, a dawo mata bayan kwana biyu. Amma ba a barin ta ta bugi ƙasa, fashewa take yi. Sai an shimfiɗa babban ƙyalle, mutane su riƙe gefe-gefe. Bawana, kawo tamfol."

Tamfol kuwa tuni na kyautar da shi, tare da tsani da injin yanke ciyawa. Muka tsaya cirko-cirko. Hajiya ta shiga gida. Can sai na jiyo ƙarar murfin ganga daga ɗakin ƙasa, ƙarar da na sani sarai, domin ni nake rufe su. Ta fito rungume da zannuwan gadon nan farare, a cikin ledarsu.

"Hajiya, waɗannan ai na Kano ne."

"Na sani, Malam. Aro za mu yi, a wanke a mayar. In kuma ka ce a'a, sai in mayar yanzu."

Ta tsaya tana kallona, ba ta yage ledar ba. Wannan wurin ne kuke tsallakewa idan kuna ba da labari. Da na ce a mayar, wallahi da ta mayar, kuma da ta bi ni Kano ba tare da ta ƙara cewa uffan ba. Na dubi zannuwan, na dubi Zainab da ta dafa ƙugu tana haki, na miƙa hannu na karɓi leda ɗaya na yage da kaina.

Muka ware zanin, Hajiya da Zainab da mijinta da ni kowa ya kama kusurwa. Mutari ya tofa yawu a tafin hannu, ya rungumi itacen, ya yi wani kirari da Faransanci, ya girgiza sau ɗaya, sai ƙugunsa ya riƙe. Ya tsaya a sunkuye yana salati, sai da aka jawo masa kujerar gadina. Na ce to ga jikan mayaƙan Damagaram, itace ya kayar da shi. Na ba shi kusurwata ya riƙe daga zaune, na kama babban reshe na jijjiga da ƙarfina. Ban san haka abin yake ba. Suka zubo kamar ruwan ƙanƙara, a kaina, a wuyana, a cikin aljihun rigata, zanin ya yi nauyi har ya lotsa a tsakiya. Zainab tana dariya tana cewa a tsaya cikinta zai fashe. Muka juye a kwando, muka matsa gaba, muka sake. Kafin mu gama, fararen zannuwan Kano sun yi dabbare-dabbare da ruwan 'ya'yan itace, irin tabon da sabulu ba ya fitarwa.

Na ɗauki ɗaya na goge farar ƙurar da ke jikinta. Ga ɗigon jan nan a gefe guda, kamar yadda ya sha faɗa. Na matsa, ƙwallon ya fito salin-alin. Na jefa a baki. 'Ya'yana, ban taɓa gaya wa Mutari ba, kuma in kun gaya masa ban yafe ba: mutumin nan bai yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya. Kowa ya zuba min ido.

"Ba laifi," na ce. "Ta ɗan fi kanya."

Shi kuma ya ɗauki tasa, ya rufe ido ya daɗe yana taunawa. Sai ya taɓe baki.

"Bon. Ta yi ƙoƙari. Amma ba ta kai ta can ba. Ƙasar nan ba ta da kyau."

Ban san lokacin da na hau shi da faɗa ba. Na ce ƙarya yake, bakinsa ne ya tsufa, duk Faransa babu itacen da ya kai nawa, ni na yi gadinsa a rana, ni na rasa takalmi a kansa, kuma in bai iya yabo ba ya tashi ya bar min gidana. Sai da na yi shiru na lura kowa yana kallon ƙasa yana danne dariya. Hajiya tana tsince ganye daga cikin kwando ta ce, a hankali, "Ashe itacen ya samu mai shi."

Ranar ɗakin girki bai huta ba. Mirabel ba ta ajiyuwa, in ta kwana biyu sai ta lalace, don haka dole a sarrafa ta nan take. Muka zauna muna cire ƙwallaye. Mutari daga kan kujera yana ba da umarni a dafa da sukari har ta yi kauri, abin da yake kira kwanfitir ku kuma kuke kira jam. Ya sa Zainab ta murza fulawa da man shanu ta shimfiɗa a faranti, aka jera ɓari-ɓarin mirabel a kai aka gasa. Ya ce Faransawa har wani abin sha mai sa maye suke yi da ita, na ce ya aka yi ya sani, ya ce labari ya ji. Hajiya ta saurare shi har ya gama, sannan ta jefa citta da kanumfari a tukunyar, ta dama wasu a fura da nono, ta zuba wasu a zoɓo. Mutari ya ce an ci amanar Faransa, ya kuma sha kofi biyu. Muna cikin haka dillaliya ta kira ta ce an samu mai saye, sai dai yana so a sare itacen bayan gida kafin ya shiga, wai yana tara ƙwari yana ɓata ciyawa. Na fita waje da wayar don kada a ji ni. Na ce mata ta zo ta cire allonta.

Juma'ar da ta biyo baya ita ce mafi nauyi a rayuwata. Na kira Yaya, muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye. Na ce Zainab ta kusa, na ce Hajiya, na ce ciniki, har na kawo zancen itacen, don ban san abin da zan ce ba. Ya bar ni na gama. A karon farko bai tambaye ni yaushe ba.

"Na gane," in ji shi. "Allah ya sauke ta lafiya. Ka kyauta wa iyalinka. Sai ka aiko min da 'yar itacen nan, in ɗanɗana abin da ya fi ni."

Ya yi dariya, ni ma na yi, muka yi sallama. Na ba wani mai tafiya gida kwalba ɗaya ta jam ɗin Hajiya ya kai masa. Na yi masa alkawarin zan zo in yi wata biyu da shi bayan suna, sai sanyi ya shigo, sai jaririya ta yi rashin lafiya, na ce bari dai a sha iska. Kafin itacen ya sake fure aka kira ni aka ce Yaya ya rasu, bayan jinyar kwana kaɗan. Ta'aziyya ce ta kai ni Kano.

Bayan an share makoki, matarsa Yaya Abu ta kira ni ɗaki ta miƙo min kwalbar nan. An wanke ta tas, mukullan gidana suna ciki.

"Shi kaɗai ya shanye abinsa," in ji ta. "Ko jikokinsa bai sammawa ba. Kullum da safe cokali ɗaya a kan burodi, ya tauna ya tauna, ya ce, 'Da daɗi kam, amma ba ta kai ba.' Gobe kuma ya sake buɗewa. Da ta ƙare ya zuba mukullanka a ciki, ya ce nan za ka same su."

Na ba babban ɗansa mukullan, na ce ya shiga gidan da iyalinsa. Kwalbar ita na dawo da ita.

Ban yi nadamar zama ba. Na ga Ummanku ta yi wa Zainab wankan jego da ganyen da ta tsinko a bayan gidan nan, na yi wa jikata huɗuba a kunne da bakina, na kafa ƙusoshi a bango har sun yi yawa. Zannuwan nan masu tabo su muke shimfiɗawa duk Agusta, Mutari yana zaune yana ba da umarni yana kushe min itace. Ko Hajiya da shi sun haɗa baki tun farko, ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba. Ku ci gaba da ba da labarinku, ku yi dariyarku, ni ma ina yi. Amma ku riƙa sa kwalbar Yaya a ciki. Ita ce wadda ke kan tagar ɗakina, wadda na hana ku taɓawa. Duk shekara ita Hajiya take fara cikawa, ni kaɗai nake shanye ta, cokali ɗaya da safe a kan burodi. Da daɗi kam. Amma gaskiyar Yaya ce, ba ta kai shi ba.